Tsumman da Ke Cikin Pompon Kawunka

Zango, Damagaram

Zuwa ga ɗana Mutari, a Dogo.

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa ka sauka lafiya, ya sa ka sami ɗaki mai ƙyaure da maƙwabta masu mutunci, ya sa manoman ƙungiyar da suka ɗauke ka gyaran baburansu su ga alheri a hannunka. Mu nan lafiya lau, sai ƙishin da ka bar garin da shi, yana nan bai gusa ba. Gaisuwa ta ƙare. Ba labarin gida ya sa na zauna da takarda ba, kuma da gangan na ƙi kiranka a salula. A salula kana iya ce mani "to Baba, to Baba" idonka yana wani wuri. Takarda ba ta jin "to Baba".

Tun farkon rani wata magana take yawo a kanka cikin Zango. Wanda ya fara kawo mani ita Garba mai shayi ne, na bakin garejinmu. Ka san Garba, madara kaɗan, zance da yawa. Yana miƙo mani kofi ya ce:

"Malam Habu, ashe ɗan naka ya fi ka hannu."

Na ce, "Allah ya sa. A me?"

"An ce duk babur mai ƙafa ukun da injinsa ke ɗigar da ruwa, in ya shiga hannun Mutari, kafin mai shi ya shanye shayi ya kame ƙam. Kai kuwa sai ka kwance, ka shinshina, ka aiki mutum kasuwa neman kaya, ya yini bai yi lodi ba."

"To shi da me yake kamar da shi? Da tofi?"

"An ce tsumma yake murzawa kamar lagwani, ya tsoma a kwalta, ya cusa a ɗan hujin nan na ƙarƙashin pompon ruwan inji."

Na yi dariya har na ƙware. Na ce, "Garba, kai da ba ka san gaban pompo da bayansa ba, tsaya kan butarka. Wanda ya tashi a gindin bencina ba zai yi haka ba ko an ɗora masa wuƙa." Na ajiye masa kofinsa na koma aiki, ina jin daɗin amsar da na ba shi.

An kwana biyu sai ga Idi mai ruwa, wanda ke kai bidon ruwa, jarka-jarka, unguwannin bayan gari, an jawo masa mai ƙafa ukunsa da amalanken jaki. Jakin ma kallon baburin yake kamar ya san sun yi musayar aiki. Kai ba ka nan, ka tafi kasuwa. Na buɗe murfin mai, na ga kumfa. Na kwance ƙusar zubar da mai ta ƙasa, abin da ya zubo fari-fari ne mai kauri, kamar kunun gyaɗa da ya kwana. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin pompo, wurin a bushe ƙayau kamar ba a taɓa zuba wa baburin ruwa ba. Na sa wayar ƙarfe na soka, na ji tauri. Na ƙwaƙulo, sai ga shi: tsumma baƙi ƙirin, murzajje, yana warin kwalta.

"Idi, wa ya yi maka wannan?"

Ya sunkuyar da kai. "Malam, ni dai gyara na kawo."

"Na ji. Wa ya cusa wannan?"

"Gidanku ne, Malam. Kuma wallahi tun ranar ko ɗigo bai ƙara yi ba."

Na ce, "Ai ga shi nan ya daina ɗiga. Ya daina tafiya ma."

Duk da haka ban yarda ba. Na ce a raina Idi babu garejin da bai taka ba a garin nan, ya manta inda aka yi masa ne. Ranar da muka zauna cin abinci na jefa maka ita a kaikaice, na ce, "Mutari, ana cewa kana toshe hujin pompo." Ka ce, "Mutane da surutu, Baba," ka kai loma. Ba ka ce e ba, ba ka ce a'a ba, ni kuma na ɗauki wadda ta fi mani daɗi. Wautar tsoho ke nan, kuma kai ka ga na yi ta, ka ƙyale ni.

Jiya, bayan motarka ta tashi, na ji maganar a bakin da ba ni da ikon ƙaryatawa. Zan gaya maka ko bakin wa, amma sai ka gama jin abin da ke gabanka. A bakin nan ne kuma na ji cewa ranar da na tafi gaisuwar mutuwa Birni, kawunka Laminu ya kawo nasa mai ƙafa ukun yana ɗiga, ka yi masa irin aikin da ka yi wa Idi.

Kawunka, Mutari. Yayan innarka. Mutumin da ya sayar da shanun huɗarsa ya sayi baburin nan da rijiyar garinsu ta ƙafe. Ka je garin, bayan Gaffati, ka ga abin da na gani: tabki ya tsattsage, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, guga yana sauka ya dawo da yashi. Duk abin da garin ke sha, da na alwala, da na jiƙa dusar awaki, a bayan baburin nan yake zuwa daga foraj, rijiyar burtsatse. In ya mutu a cikin yashin hanyar nan da tsakar rana, mata suna tsaye da bokitai suna kallon hanya, wa za a aika? Garba mai shayi?

Na aika wa kawunka ya ajiye baburin. Na san ba zai ajiye ba. In ya ajiye, garin ya yini da ƙishi. Yanzu haka da nake rubutun nan yana bisa hanya da tsummanka a cikinsa.

Tunda ka yi kamar ba ka san aikin hujin nan ba, bari in faɗa maka kamar ranar da ka fara riƙe kile kana kwance ƙusa. Sandar pompo ta ratsa bango ne. Kai ɗaya yana cikin mai, inji yana juya shi. Ɗaya kan yana cikin ruwa, yana riƙe da farfelar da ke kora ruwan zuwa radiyata. A cikin bangon akwai zoben roba biyu, juwan da muke cewa, sun ba juna baya: wannan yana tare ruwa, wancan yana tare mai. Tsakaninsu akwai ɗan fili, a ƙasan filin kuma aka huda wannan hujin. In juwan na ruwa ya gaji, ruwan da ya kuɓuce sai ya bi hujin ya faɗi ƙasa inda mai babur zai gani. In na mai ne ya gaji, mai ne zai ɗigo. Maigidana Kiyari, wanda ya koya mani aikin nan, Allah ya jiƙansa, hujin shaida yake ce masa. Kana taɓa ɗigon da yatsa ka san wane ne mai laifi tun ba ka kwance ko ƙusa ɗaya ba.

To kai ka toshe bakin mai shaida. Ruwan bai daina kuɓucewa ba, hanyar fita ce ya rasa. Sai ya cika filin, ya tura juwan na mai ta baya, gefen da ba a yi shi don tare komai ba, ya shige cikin inji. Mai babur yana murna ƙasa ta bushe a ƙarƙashinsa, yana sa maka albarka a masallaci, inji kuwa yana can yana shan kunu, ƙarfe yana cin ƙarfe.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce tausayi ne. Na san yadda suke zuwa a shekarar nan, ido ya faɗa, suna nuna maka ƙasa: "Mutari, dubi ruwa yana zuba a banza, ka ji tsoron Allah, yi mani dabara in kai lodin nan." Ni ma in na ga ɗigon ruwa a ƙasa yanzu sai na ji a haƙarƙarina. Mutanen da ke tare ruwan wanke hannu su ba kaji, ba za su iya kallon babur yana ɗiga su yi shiru ba. Amma shi mai babur ruwa ya sani, kai kuma inji ka sani, shi ya sa ya zo wurinka. Ɗigon da ka ji tausayinsa bai cika kofin shayi a yini ba. Don ka cece shi ka sa lodin gari guda a bakin rami. Wannan lissafin ko akuya ba za ta yi shi ba.

Kada ka ce ni ban taɓa ɓata aiki ba. Na ɓata, kuma zan ba ka su yadda suke, don kada ka ɓata lokaci kana sake ƙirƙiro su a Dogo.

Farin da ya gabata, wanda aka raba jar dawa, kai ba a haife ka ba, lokacin ne baburan da ruwa ke sanyaya injinsu suka fara shigo mana. Da can ƙaramar mobilet kawai muka sani, iska ke sanyaya ta. Wani malamin asibiti da ke zagaya ƙauyuka yana duba yara ya kawo nasa yana ɗiga. Na kwance, na ciro juwan, na sa sabo, na ɗaure, ina taƙama. Bai yi mako ba ya dawo yana ɗiga. Na ce juwan ɗin jabu ne, na zagi mai kanti, na sa wani. Ya sake dawowa. Na ce ƙila babur ɗin an yi masa baki ne.

Kiyari yana zaune bisa tsohuwar taya yana cin goro, yana kallona tun farko. Shi ba ya zagi da Hausa, sai da Barbarci, don kada mu ji daɗin ramawa. Ranar ya yi mani mai tsawo, sa'an nan ya ce, "Ciro sandar." Na ciro. "Goge ta." Na goge.

"Farcen nan naka na mene ne? Na susa kawai?"

Ya kama babban yatsana ya ja farcen bisa sandar, daidai inda leɓen juwan yake kwanciya. Sai na ji ƙas, farce ya faɗa. Zobe ne siriri ya zagaye sandar, ido ba ya ganinsa sai an karkata shi a rana.

Na ce, "Maigida, roba ce ta ci ƙarfe haka?"

Ya ce, "Roba tana da haƙori ne? Yashin cikin ruwa ke ci. Ita riƙe masa shi kawai take."

Saboda haka, duk pompon da ya ɗiga, kada ka sayi juwan sai ka ciro sanda ka ja farce. In farce ya wuce sumul, sa juwan. In ya tsaya, ko ka ga tsatsa ta yi mata zanzana, sandar ta mutu, kuma duk sabon juwan da ka ɗora mata sadaka ka yi wa mai kanti. Tun kafin ka ciro ta ma, kama farfelar ka girgiza. In ta yi rawa, rulma ce ta saki, ƙwallayen da sandar ke juyawa a kansu, kuma sanda mai rawa babu leɓen robar da zai iya bin ta. In kana shakkar ta lanƙwashe, mirgina ta bisa madubi, za ta faɗa maka da kanta.

Da na koyi farce sai na ɗauka na gama karatu. Wani ya kawo sanda mai zobe, sabuwa kuwa sai an aika Kano. Na ce zan share zoben. Na sami takarda mai yashi, na zauna a inuwa ina gurza, ina gurza, har zoben ya ɓace, sandar tana ƙyalli kamar ta amarya. Na sa juwan, sai ya zauna mata kamar hular wa a kan ƙane. Da can ɗiga yake, da na gama gyara sai ya koma tsiyaya. Kiyari ya zo ya duba, ya ce in ci gaba da gurzawa, ƙila in sami allura.

Takarda mai yashi, mai laushi ƙwarai, ta ɗauke tsatsar sama ce kawai, kuma a zagaye ake bi da ita, ba a tsaye ba. Ramin da ya riga ya shiga ƙarfe ba ya fita sai ka tafi da ƙarfen. In sabuwar sanda ta yi nisa kuma dole mutum ya yi tafiya, akwai dabara ta halal: ka zaunar da juwan ɗan gaba kaɗan ko ɗan baya, leɓen ya hau lafiyayyen ƙarfe, muddin bai rufe hujin ba. Sa'an nan ka dubi idon mai shi ka ce masa wannan na kai wa kasuwa ne, ya dawo. Dabarar da ba za ka iya faɗa wa mai babur yadda take ba, kada ka yi ta.

Akwai kuma ranar da nake sauri zan tafi ɗaurin auren abokina. Na kifa juwan a juye, na ɗauki ƙusa da guduma na daddoke shi ta gefe-gefe har ya shige a karkace. Ban kai bakin masallaci ba mai baburin ya cim mani yana turo shi, ni ina cikin babbar riga. A gaban mutane ya ce, "Habu, ga amaryarka ta biyo ka." Da rigar na koma gareji.

Juwan yana da ciki yana da baya. Cikin, gefen da ɗan zaren ƙarfen nan yake zagaye, shi ke kallon abin da zai tare: na ruwa ya kalli ruwa, na mai ya kalli mai. Da guntun bututu daidai faɗinsa ake danna shi, a hankali, ya sauka a miƙe. Ka shafa wa leɓen ɗan giris. Ka naɗe bakin sandar da leda kafin ka zura ta, kada zaren ƙusar ya yanki robar. In ka gamu da irin pompon da ke da farin zobe kamar tangaran maimakon leɓe, kada yatsa mai datti ya taɓa fuskarsa. Ranar da kake sauri kuma, ka ba mutum haƙuri ya dawo gobe.

Ka lura da wani abu a cikin duk shirmen nan nawa. Kowane ɗaya ya dawo mani yana ɗiga, a fili, da rana, mai shi yana zagina ina ji. Naka ba ya dawowa sai a bayan jaki.

Yanzu ga abin da za ka yi. Direban da ya kawo maka takardar nan zai ba ka ƙunshi: sabuwar sanda, juwan biyu, rulma, da galan na man inji. Ka je wurin shugaban ƙungiyar ka ce masa akwai aikin da ka bari a buɗe a gida. Kada ka ce rashin lafiya, kada ka kashe wani tsoho da ke raye. In ya ji haushi ya ji. Ka hau mota ka wuce garin kawunka kai tsaye.

Ka bari ya sauke lodin safe, garin ya sami na sha, inji ya huce. Kafin komai buɗe murfin mai ka duba. Sa'an nan ka ɗauki waya, ka kira kawunka ya durƙusa kusa da kai, ka ciro tsumman a gaban idonsa. Kada ka aike shi neman inuwa ko ɗebo maka ruwa. Ya ga abin da aka sa masa, ya ga abin da zai biyo bayansa. Zai ce maka abin da zai ce, kai kuma ka riƙe bakinka, kawunka ne.

Ruwan radiyata ka tare shi a kwano, kada akuya ta sha. Ka cire murfin pompo, ka kwance farfela. Wasu a hagunce suke kwancewa, duba kafin ka sa ƙarfi. Tsohuwar sandar ka ba kawunka ya ja nasa farcen, ya ji da hannunsa abin da ruwan tabki yake yi. Juwan biyun duka za ka canza, har na mai, don ruwa ya riga ya tura shi ta baya. Ka share hujin har ka ga haske ta cikinsa. In man ya fara fari, ka zubar, ka sa sabo, inji ya ɗumama, ka sake zubarwa, har ya fito da launinsa na mai. In ka zuba ruwa ka bar murfin radiyata a buɗe, inji yana aiki, sai kumfar iska ta daina tasowa. Ka share ƙasa ƙarƙashin pompo, ka zauna ka zuba mata ido. Kada ka tafi ranar. Ka bi shi foraj, ku dawo da lodi tare, ka sake durƙusawa.

In kuwa ka tarar inji ya riga ya fara ƙwanƙwasa daga ciki, kada ka yi wa kowa kwaskwarima. Ku ɗora shi a amalanke ku kawo Zango, ni da kai mu buɗe shi, in nemo wanda zai riƙa kai wa garin ruwa kafin mu gama, ko da roƙo ne. Idona ya rage, amma kunnena yana nan.

Maganar ruwa kuma, ka faɗa wa kawunka, ka faɗa wa na Dogo. Na san a shekarar nan ba mai zuba wa inji ruwan da ɗansa zai sha, sai na gindin tabki ko na ƙasan rijiya mai kanwa. Mai yashi yana gurza sanda, mai kanwa yana cin ta. In babu ruwan kanti mai launi, su zuba a bido ya kwana ya kwanta, su tace na sama da ƙyalle mai kauri. Radiyata ba ta shan abin da jariri ke sha a yini in pompo yana lafiya. Wanda ya ga kullum sai ya ƙara ruwa alhali ƙasa a bushe take, ya buɗe murfin mai tun kafin ya karya kumallo.

Sauran da ka toshe a nan garin kuwa, ban san yawansu ba, kuma ba zan tambaye ka ba, kada ka ce mani mutane da surutu. Gobe da safe zan ɗauki waya in tafi inda suke layin lodi, in bi su ɗaya bayan ɗaya ina leƙa ƙarƙashinsu. Da gemuna, Mutari. Da furfurata zan rarrafa a gaban matasan da nake yi wa faɗa, kowa ya san abin da nake nema, kowa ya san ɗan wa ya sa. Garba zai sami na faɗa har damina, in Allah ya kawo ta.

A Dogo za su zo maka da irin wannan roƙon, su ma rijiyoyinsu sun yi ƙasa. Za su ce makaniken da ya gabace ka ya fi ka sauƙin kai. Ka bar su su ce. Wanda ya ƙi jiran sanda, ka ba shi baburinsa yana ɗiga, ka ce ya riƙa ƙara ruwa yana duba mai. Mai ɗiga yana kai mutum gida.

Allah ya kai ka garin kawunka kafin injin ya gaji. Allah ya tsare ka a hanyar Dogo da ta Gaffati, ya tsare ka daga yabon mutane, ya ba ka haƙurin kwance abin da ya kamata a kwance. Allah ya dube mu da ruwan sama, ya cika rijiyoyi, har ɗigon pompo ya daina ba kowa tausayi. Fushina yana nan, amma addu'ata ba ta san da shi ba.

Saura bakin da na ce zan gaya maka.

Innarka ce. Da na dawo daga tasha na tarar da ita a tsakar gida, ta kifa bokitin wanka bisa cinya, tana jan tsumma ta hujin gindinsa yadda take yi wa kowane kwano a gidan nan tun da fari ya shigo. Idonta ya yi ja don tafiyarka, amma murmushi take. Ta ce:

"Malam, ko ba komai yaron nan ya ɗauki hannuna. Bai yarda ruwa ya zuba a ƙasa ba. Ni nake murza masa lagwanin da yake toshe baburan da shi, tsohon zanena na yayyaga masa. Na Yaya Laminu ma ni na murza, na yi shi da kauri don ya daɗe. Na ƙulla masa wasu a aljihun jakarsa, kada ya je Dogo ya rasa."

Na tsaya da takalmi a hannu. Na ce, "Allah ya yi albarka." Na juya na fita.

Yau da ta ji zan aika maka da saƙo, ta ce direba ya dakata ta ƙara murza wasu. Na ce mata ya riga ya ɗaure kaya. Ban gaya mata komai ba, kuma ba zan gaya mata ba. Na aljihun jakarka ka ƙone su. In ka ciro na yayanta, ka biyo ta gida, ka durƙusa, ka gaya mata da bakinka.

Mahaifinka,
Habu makanike